Wai da gaske ne in ka buɗe kamfani a ƙasar waje izinin zama yana biyowa baya?

Sabon_shiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min da bayani. Ni da abokina muna da ɗan kamfani da muke haɗa wa ƙananan 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya da bin bashi, komai ta intanet muke yi, to yanzu kwastomomin da suka fi biyan mu da kyau na waje ne, shi yasa nake tunanin in tattara in koma can in kafa abin a kusa da su. Wani ejan ya ce min in dai na yi rajistar kamfani a Turai ko Dubai shikenan takardar zama za ta fito, har ta iyali, ni dai in biya shi zai yi komai. Maganar ta yi daɗi da yawa shi yasa ma hankalina bai kwanta ba. Abin da nake son sani, da gaske ne rajistar kamfani tana ba mutum izinin zama? Sannan wane irin kamfani ya kamata baƙo ya buɗe, na mutum ɗaya ko limitid ko kuwa reshen wanda muke da shi yanzu? Na ji ana ta maganar Istoniya ma wai daga ɗakinka za ka zama mazaunin can. Nagode.

Baban_Iman:

Wa alaikumus salam. Ƙanena Allah ya so ka da ka tambaya kafin ka tura kuɗi. A yawancin ƙasashe ofishin da yake rajistar kamfani daban, ofishin shige da fice daban, kuma na farkon bai damu da inda kake kwana ba. Za ka iya mallakar kamfani ɗari bisa ɗari a ƙasar da ko filin jirginta ba za a bar ka ka wuce ba. Abin da ejan ɗin yake sayar maka shi ne mai sauƙin, mai wahalar kuma ya bar ka da shi.

Bari in ba ka misali da Jamus tunda nan na fi sani. Kamfanin da aka fi ganin girmansa shi ne GmbH, jarinsa mafi ƙanƙanta yuro 25,000, amma rabin wato 12,500 ya isa a fara rajista da shi, sauran yana kanka bashi ne. Akwai ƙaninsa UG da aka kawo a 2008, shi ko da yuro 1 za ka iya farawa, sai dai dole duk shekara ka riƙa ware kashi 25 cikin ɗari na ribar kana tarawa a kamfanin har jarin ya kai na GmbH. Duka biyun sai an je gaban notari, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardu, ya karanta muku takardun ya buga hatimi, a buɗe asusun banki a zuba jarin, sannan a shigar da sunan a rajistar kasuwanci. Duk wannan ka gama shi tsaf, har yanzu ba ka da izinin zama ko na kwana ɗaya.

Izinin zaman kuma yana ƙarƙashin sashe na 21 na dokar zaman baƙi, abu uku suke dubawa, ko kasuwancin naka akwai buƙatarsa a ƙasar ko a yankin da za ka zauna, ko zai amfani tattalin arziki, sannan ko kuɗin gudanar da shi suna nan a ƙasa, naka ne ko banki ya yi alkawarin ba ka. Da can akwai adadi a rubuce, yuro 250,000 da ɗaukar ma'aikata 5, amma a 2012 aka cire, wasu suna murna wai an sassauta, ni kam a ganina abin ya ƙara zama a hannun jami'in da yake duba fayil ɗinka ne, domin yanzu ba adadin da za ka nuna ka ce na cika. Tsarin kasuwancin da ka rubuta shi ne komai, ofishin baƙi yana tura shi wajen ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta garin, wadda suke cewa IHK, su karanta su ba da ra'ayi, kuma wlh suna karantawa, za su duba su waye kwastomominka, nawa kake sa ran samu a shekarar farko da ta biyu da ta uku, ka taɓa yin wannan sana'ar ko yau ka faro. In kana da takardar wani kamfanin Jamus da ya rubuta cewa yana son aiki da kai, wannan ta fi shafi ashirin na surutu. In an ba ka, bai wuce na shekara 3 ba, in kasuwancin ya tsaya da ƙafarsa yana ciyar da kai da iyalinka kana iya neman na dindindin bayan nan. Wanda ya haura shekara 45 kuma sai ya nuna tanadin da ya yi wa tsufansa. Inshorar lafiya dole ce ga kowa.

Shi yasa ni ba na ba baƙo shawarar UG mai yuro 1 in zama yake nema, doka ba ta hana ba amma ka yi tunanin mutumin da zai karanta fayil ɗin, ka ce masa za ka amfani tattalin arzikin ƙasa da jarin yuro 1.

Wani abu kuma, kar ka shigo da bizar yawon buɗe ido ta Shengen, mai kwana 90 cikin 180, da niyyar za ka juya ta a ciki. Masu yawancin fasfo daga ƙasarsu za su nemi bizar dogon zama a ofishin jakadanci.

Sabon_shiga:

Kai Yaya Allah ya saka da alheri, ka buɗe min ido. To ita Istoniya fa? Ejan ɗin har hoton katin ya nuna min.

Baban_Iman:

Katin gaskiya ne, fassarar da ya yi maka ce ƙarya. Shirin e-Residency ne, sun fara shi a Disambar 2014, kati ne mai ɗauke da sa hannunka na kwamfuta da za ka buɗe kamfanin da suke kira OÜ ka riƙa tura takardun haraji daga duk inda kake. Ba biza ba ne, ba izinin zama ba ne, ba za ka yi tafiya da shi ba, su kansu hukumomin Istoniya sun rubuta haka ɓaro-ɓaro. In zama kake so a can akwai izinin 'yan kasuwa daban da yake neman ka zuba yuro 65,000 a kamfanin, ko kuma bizar sababbin kamfanonin fasaha da suka fara a 2017, ita ma sai wani kwamiti ya duba ya yarda cewa abin naka sabo ne kuma zai iya girma. Amfanin katin na gaskiya shi ne mutum irinka ya samu kamfani a cikin Tarayyar Turai da zai riƙa yanka wa kwastoma rasit da shi, kuma ba a cire harajin riba sai ranar da aka raba ribar, daga 2025 kashi 22 ne.

Hajiya_mai_kwantena:

Salam. Baban Iman ya yi bayani amma gsky ban yarda a yi wa duk ƙasashe kuɗin goro ba, a Daular Larabawa maganar ejan ɗin ta kusa gaskiya, don can lasisin kasuwanci shi ne yake jawo iƙama, wato izinin zama. Ka yanki lasisi, a buɗe wa kamfanin fayil a shige da fice, a ba ka izinin shiga, ka je gwajin jini da hoton ƙirji, a ɗauki zanen yatsu, katin Emirates ID ya fito, yawanci iƙamar shekara 2 ce ana sabuntawa, daga nan kai ma kana iya ɗaukar nauyin matarka da yara in ka cika sharaɗin kuɗin shiga da wurin zama. Babu wani kwamiti da zai zauna yana tambayarka ko kasuwancinka sabo ne.

Amma ɗana ka saurara da kyau, zaɓi biyu ne kuma nan mutane suke ƙonewa. Akwai firi zon, wato yankunan kasuwanci na musamman masu nasu dokokin, irin su DMCC da Jebel Ali, akwai kuma lasisin cikin gari. Firi zon tun asali baƙo yana mallakar kamfaninsa shi kaɗai, ya fi saurin fitowa, amma a ƙa'ida ba za ka ɗauki kaya ka shiga kasuwar cikin gari kana sayarwa kai tsaye ba sai ta hannun dila ko da ƙarin izini. Na cikin gari kuma da can sai ka samu ɗan ƙasa ya riƙe kashi 51, daga Yunin 2021 aka cire wannan a yawancin sana'o'i, yanzu kai ma za ka iya riƙe duka. Kai da kake sayar da manhaja wa mutanen waje inaga firi zon ya ishe ka, mu masu kaya a kwantena ne muke dogon lissafi.

Sannan masu cewa babu haraji a Dubai labarinsu ya tsufa. Harajin VAT kashi 5 tun 2018 yake, harajin ribar kamfani kashi 9 kan abin da ya haura dirhami 375,000 ya fara a Yunin 2023, 'yan firi zon suna iya samun sifiri a kan wani nau'in kuɗin shiga amma da sharuɗɗa, kuma ko sifirin ne sai ka yi rajista ka riƙa kai lissafi. Yawan bizar da za a ba kamfaninka ya danganta da girman ofishin da ka kama, in teburi ɗaya ka haya kar ka sa ran za ka kwaso mutum goma.

Abin da ejan ba zai faɗa maka ba, lasisin nan duk shekara ake sabunta shi da kuɗi ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, ranar da ka kasa iƙamarka da ta iyalinka duk suna rataye a jikinsa. In ka yi sama da wata 6 a waje ba ka shigo ba iƙamar talakawa irin tamu tana iya mutuwa, masu iƙamar musamman da ake kira ta zinare ta shekara 10 ne wannan bai shafa ba. Kuma ko shekara nawa ka yi kana sabuntawa ba wai wata rana za ka wayi gari ɗan ƙasa ba ne, babu wannan layin kamar na Turai. Banki kuwa hmm, lasisi yana iya fitowa cikin 'yan kwanaki amma asusun kamfani ya ja ka watanni, za su ce kawo bayanan asusunka na baya, kawo kwantiragin kwastomomi, ina ka samo jarin, wa kake tura wa kuɗi, kuma fasfon da kake riƙe da shi yana da tasiri a nan ko mun so ko mun ƙi. Kafin ka biya ko sisi ka tabbatar ana ba masu irin fasfonka biza a lokacin, don abin yana canzawa ba sanarwa.

Injiniya_M:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni zan ƙara na Amurka da Ingila tunda su ne ake yawan yaudarar mutane da su a Facebook da TikTok, wai buɗe LLC, wato irin limitid ɗin Amurka, ka koma can. LLC a Delaware ko Wyoming kowa a duniya zai iya buɗewa bai taɓa taka ƙasar ba, ka samu wakili mai adireshi a jihar, ka karɓi lambar haraji ta EIN, ka gama. Amma ba ya ba ka ikon zama ko yin aiki a cikin ƙasar, ko da a kamfanin naka ne, bizar ziyarar kasuwanci ta B-1 taro da ganin kwastoma da sa hannu a kwantiragi kawai ta yarda. Kuma in kai kaɗai ne mai LLC ɗin kuma baƙo ne akwai fom mai lamba 5472 da ake cikewa, tarar rashin turawa dala 25,000 ce, yawancin masu tallan nan ba sa ambatonsa. Bizar masu zuba jari ta E-2 kuma sai 'yan ƙasashen da suke da yarjejeniyar kasuwanci da Amurka, Indiya ma da girmanta ba ta ciki, to ka fara duba jerin tukuna. EB-5 ita ce mai kai wa ga girin kad, wato izinin zama na dindindin, dala 800,000 a yankunan da aka ware ko 1,050,000 a sauran, da samar da aiki wa mutum 10, wannan ba layinmu ba ne ni da kai lol.

Wadda ta fi dacewa da tambayarka ta reshe ita ce L-1. In kana da kamfani mai rai a inda kake, ka yi masa aiki shekara 1 cur a cikin shekara 3 da suka wuce a matsayin manaja, kamfanin zai iya buɗe reshe ko ɗan kamfani a Amurka ya tura ka, sabon ofis shekara 1 ake fara ba shi a ga kamun ludayinsa. Sharaɗin shi ne uwar kamfanin ta ci gaba da aiki. Shi yasa nake cewa kar ka yi gangancin rufe wanda kuke da shi yanzu, tarihinsa da rasitansa da takardun harajinsa su ne dukiyarka a gaban kowane ofishin jakadanci.

Ingila ma haka, Ltd a Companies House, wato ofishin rajistar kamfanoninsu, cikin kwana ɗaya ko biyu an gama, darakta ba dole ya zauna a ƙasar ba, adireshin ofis ne kawai dole ya kasance can. Zama kuma sai bizar Innovator Founder da ta fara a Afrilun 2023, sun cire sharaɗin fam 50,000 na da amma sai ɗaya daga cikin hukumomin da gwamnati ta amince da su ta ba ka takardar goyon baya cewa abin naka sabo ne, zai yiwu, kuma zai faɗaɗa. Shagon saida kaya ko gidan abinci ba ya shiga. Tsohuwar bizar 'yan kasuwa ta fam 200,000 an rufe ta tun 2019, amma har yau ina ganin masu tallanta.

Baban_Iman:

Hajiya na karɓi gyara, Dubai kam daban take. Amma ko can ɗin ai kin ga lasisin ne yake riƙe da mutum ba mutum yake riƙe da lasisin ba.

Hajiya_mai_kwantena:

Haka ne Malam, ai shi yasa na ce ya lissafa kuɗin shekara ta biyu da ta uku ba na farko kaɗai ba.

Akanta_Zee:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɓangaren da ba a taɓo ba zan yi magana, wato irin kamfanin da kuma haraji, don ɗan uwa ka ce ku biyu ne.

Kasuwancin mutum ɗaya ka cire shi a lissafi. Na farko ku biyu ne, na biyu a irinsa babu katanga tsakanin aljihunka da na kasuwancin, in aka ci ku bashi ko kwastoma ya kai ƙara har motarka da kuɗin asusunka ana iya bi, na uku a ƙasashe da yawa sai wanda ya riga ya samu izinin zama da aiki ne ma zai iya rajistarsa. Reshe kuma ba kamfani ne mai zaman kansa ba, hannun uwar ne ta miƙa, duk abin da reshen ya jawo uwar ce za ta biya, kuma za a sa ku fassara takardun uwar kamfanin a buga musu hatimin tabbatarwa, in ƙasarku da wadda za ku buɗe reshen duk suna cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 hatimin afostil ɗaya ya wadatar, in ɗaya ba ta ciki sai an bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma ofishin wakilci, shi ko rasit ba ya yankawa, talla da binciken kasuwa kawai. Mafi yawan mutane irinku limitid suke buɗewa sabo, ko ku mallake shi da sunayenku ko tsohon kamfanin ya mallake shi, sunansa ne kawai yake canzawa, GmbH a Jamus, BV a Holan, SARL ko SAS a Faransa, Lda a Fotugal.

Ƙaramin jarin rajista kar ya ruɗe ka. A Holan tun 2012 da santi 1 ana kafa BV, a Faransa yuro 1, amma ita Faransar in ka zo neman katin zama na masu kafa kamfani mai kai wa shekara 4 za ta ce ka nuna yuro 30,000 da za ka zuba da digiri na biyu ko gogewar shekara 5. Japan ma a Oktoban 2025 ta ɗaga jarin bizar masu gudanar da kamfani daga yen miliyan 5 zuwa miliyan 30. To adadi biyu ne ko da yaushe, na rajista da na zama, na biyun za ka tambaya.

Wasu ƙasashen kuma sai da ɗan gari. Singafo dole a samu darakta ɗaya mazaunin ƙasar. Tailan a sana'o'i da yawa baƙo ba ya wuce kashi 49, kuma sa sunan ɗan ƙasa na bogi ya riƙe maka hannun jari laifi ne a dokarsu. Turkiyya a ƙa'ida izinin aikin baƙo ɗaya yana tafiya da ɗaukar 'yan ƙasa 5. Duk ejan da ya ce zai kawo maka wani ya ara maka suna, ka tambaye shi in mutumin ya wayi gari ya ce kamfanin nasa ne wace kotu za ka je da wace takarda.

Haraji kuma, mutane suna ɗauka inda aka yi rajista nan kaɗai ake biya, ba haka ba ne. Ƙasashe da yawa suna duba inda ake yanke shawarar kamfanin a zahiri, in ka yi rajista a Istoniya amma kana zaune wata ƙasa daga nan kake komai, ƙasar da kake zaune tana iya cewa kamfanin nan nata ne ta nemi rabonta. Kai kanka kuma yawanci in ka yi kwana 183 a ƙasa a shekara ka zama mai biyan harajinta, wasu ma ba sa jiran hakan in gidanka da iyalinka suna can. Ka duba ko akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin ƙasashen biyu, in babu riba ɗaya sai a yanke ta nan a yanke ta can.

Sannan kai da abokinka ku zauna ku rubuta waye yake da kashi nawa, wa yake sa hannu a banki, manhajar mallakin wane kamfani ce, in ɗaya ya ce ya fasa yaya za a yi. Kuma izinin zama kowa nasa zai nema, naka ba ya ɗaukarsa.

Sabon_shiga:

Allah ya biya ku gaba ɗaya, wlh na ƙaru. Abokin nawa dama ba ya son tafiya, to inaga shi zai ci gaba da riƙe tsohon kamfanin ni in nemi hanyar fita. Anti Zee yawancin kwastomomin namu a Holan suke, in fara rajistar BV ɗin ne ko in fara neman izinin?

Akanta_Zee:

Fara da izinin, ka karanta sharuɗɗan a shafin hukumar shige da ficensu IND da kanka ba ta bakin ejan ba. Hanya biyu ce a gabanka, ta masu sana'ar kansu wadda ake ba da maki kan gogewarka da tsarin kasuwancinka da amfanin da za ka kawo wa ƙasar, tana da tsauri sosai, ko kuma ta sababbin kamfanoni ta shekara 1 wadda sai ka samu gogaggen mai ɗora ka a hanya ya sa hannu zai tsaya maka, bayan shekarar ka koma waccan ta farkon. Duka biyun za su nemi rajista a KVK, wato ofishin rajistar kasuwanci na Holan, a wani mataki, to lauyan shige da fice na can shi zai gaya maka daidai lokacin da za ka yi ta don kar ka riƙa biyan akanta da adireshi wata da watanni kana jiran amsa. Kafin nan ka roƙi kwastomomin nan naku biyu ko uku su rubuto maka takarda a kan takardar kamfaninsu cewa suna aiki da ku kuma za su ci gaba, ka haɗa da rasitan kuɗin da suka riga suka biya ku.